Mai Riƙe da Dutse

Rufin ramin kwal ya fara tsagewa daidai kan tsohon makanikin da ya sauka gyaran bel ɗin da ke jigilar kwal. Wani abokin aikinsa kuwa yana sama, a wani ɗaki mai tsafta a gefen birnin Katowice, tabarau ya rufe masa ido, safa mai wayoyi a hannunsa. Mutum-mutumin ƙarfen da yake sarrafawa yana can ƙasa, kuma da idon mutum-mutumin yake gani ta tabaran. Ya ɗaga hannuwa. Ƙarfen ya ɗaga nasa, ya tallabi dutsen.

"Ja jiki ka fita, tsoho," ya faɗa ta rediyo.

"Kai ne, ɗan gata? Kar shayinka ya huce saboda ni."

"Surutu ko rarrafe, zaɓi ɗaya."

Safar tana dawo masa da nauyin. Kafaɗunsa suka ɗauki wuta. Ya san in gwiwar hannunsa ta sassauta, dutsen zai biyo ta, don haka bai ba ta dama ba. Ya ga takalman tsohon sun ja, sun ja, sun ɓace a kwana. Sannan rufin ya sauko kan mutum-mutumin, komai ya yi baƙi.

"Ya fita," in ji shugabar aikin. "Sauke."

Bai motsa ba. Ta zare masa tabarau. Ga shi tsaye cikin silifa, gefen tukunyar fure, gumi na ɗiga, yana tallabe da iska. Ba wanda ya yi dariya. Mutum biyu ne suka kama hannuwan suka sauke su, sannu a hankali, suna kallon sama.