Masarar da Inna Ta Wanke

Shekarar da kogin Haɗeja ya janye har jakuna suna ratsa shi da kaya, ina 'yar shekara tara. Bayan azahar Baba ya dawo daga rabon tallafin gwamnati, inda ya tsaya a layi tun asuba. Muka ruga muka tare shi, muna murna an samu tsaba. Ya dire ƙullin a tsakar gida, bai kalli kowa ba.

Inna ta kwance ƙullin. Masara ce, amma ja wur, an cuɗe ta da maganin ƙwari. Irin shuka suka ba shi. Har yau warin yana hancina, kamar an zuba kananzir a toka.

"Malam, wannan ai ba ta ci ba ce," in ji Inna.

Baba ya ce, "Sun ce mu shuka. Ban tambaye su da wane ruwan ba."

Inna ta ce in miƙo mata ƙwarya. Sau bakwai ta wanke masarar nan, jan yana bin yatsunta. Da ta dahu, ita ta fara ci. Ta hana mu taɓawa sai da aka kira magariba ta ga tana nan da ranta.

Bana ma ruwa ya ɗauke da wuri, gonar nesa kuma ba mai zuwa don tsoron 'yan bindiga. Jiya maigidana ya dawo daga layi da ƙulli, bai kalli kowa ba. Na tashi na ɗauko ƙwarya.