Maginiyar Tukwane da Kawunta na Hayin Kogi

Ka ce kana zuwa sujada, kana jin wa'azi, ci da sha ba su gagare ka ba, amma zuciyarka tana gaya maka Ubangiji yana nesa. To, gyara zama, ɗana, in ba ka wani misali.

An yi wata maginiyar tukwane a wani ƙauye da ke bakin kogi. Tun tana goye mahaifiyarta ta rasu, ta tashi a hannun dangin uba, ko kamannin uwar ba ta sani ba. Da aure ya kawo ta wannan ƙauye, sai ga saƙo daga hayin kogi: ashe wan mahaifiyarta yana can, tsoho mai lambu da kiwon zuma. Tun daga ranar, da wuya kasuwa ta ci ba a kawo mata wani abu daga wurinsa ba. Yau zuma a ɗan gora, gobe gwaiba, in kaka ta yi kuma damin dawa. Saƙon da ke biye da kayan bai taɓa canzawa ba: a ce mata ta zo ya gan ta. Ita kuwa sai ta karɓa hannu bibbiyu, ta ce a gaishe da Kawu, tana nan tafe da zarar ta sauke wannan gashin tukwane. Gashi ya bi gashi, damina ta bi rani, ba ta je ba. Ba ƙinsa take yi ba. Duk inda ta zauna ba ta da zance sai na Kawu, in ta ɗanɗana wa baƙo zuma sai ta faɗi gidan da ta fito.

Ana nan sai aka yi bikin aure a majami'arsu, mutane suka taru daga ƙauyuka. Tana cikin mata masu rabon abinci, wani tsoho da ke zaune a gindin darbejiya ya ce mata, "'Yata, ɗan taimaka mini da ruwa." Ta miƙa masa ƙwarya ba tare da ta dube shi sosai ba. Ya buɗe baki zai ƙara magana, ita kuwa ta riga ta juya, tana ba wata ƙawarta labarin alherin Kawu. Sai da taro ya watse, 'yan hayi suka bi jirgin fito kafin duhu, sannan matar fasto ta ce mata, "Na ga kun gaisa da kawunki. Dominki fa ya haye kogi yau, da ciwon ƙafarsa." Shekara da shekaru tana shan zumarsa, yau ya zauna a gabanta, ya kira ta 'yarsa, ba ta san muryarsa ba.

Washegari da sassafe ta rufe yumɓunta da jiƙaƙƙen tsumma, ta shiga jirgin fito, tana ta shirya kalmomin ban haƙuri. Ba ta samu ta faɗi ko ɗaya ba. Tsohon na hango ta daga cikin lambu ya yar da fartanya, ya taho yana ɗingishi yana dariya. Ya ce, "Tun daga nesa na gane ki. Tafiyarki sak ta uwarki." Ya shimfiɗa mata tabarma a inuwar mangwaro, ya shiga ba ta labarin mahaifiyarta: yadda take hawan goruba ta fi maza, waƙar da take yi in tana daka, da yadda ta durƙusa ta yi addu'a a kan cikin da take ɗauke da shi, wato ita. Maginiya ta yi kuka, ta yi dariya, ta ce a sake faɗa mata. Can sai ta ji bakinta ya buɗe, ta gaya masa abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ɓarin da ta yi bara da tsoron da ya zauna mata tun daga lokacin. Ya saurare ta har ta gama, bai katse ta ba. Da yamma ta dawo gida kamar ta yi tsalle don murna, tun daga ƙofa take kiran mijinta ya zo ya ji.

Daga nan ƙafarta ta saba da hanya. Ranar da ta samu sarari ta je, ranar da ba ta samu ba ta nemo sararin, har masu fito suka riƙa tsokanarta cewa su saya mata jirgi kawai. Ta san abin da ke faranta wa tsohon rai da abin da ke ɓata masa, ko gyaran murya ya yi a bayan danga ta san shi ne. Maƙwabta kuma suka fara cewa ta yi sanyin hali, in tukunya ta fashe a wuta ba ta huce haushi a kan kowa, maganarta ma ta koma irin tasa.

Haka yake tsakaninmu da Ubangiji, ɗana. Kyautarsa tana iso ka kullum, kana kuma yabonsa a gaban mutane, amma kai yake kira. Almasihu ya riga ya haye zuwa wurinmu. Saura kai ka tashi, ka buɗe Maganarsa, ka zauna gabansa cikin addu'a, ka faɗi naka ka kuma saurari nasa, gobe ka sake komawa. Ai Hausawa sun gama magana da suka ce, zumunci a ƙafa yake.