Munduwar Gwiwa

Kakin zuma ya sake ƙarewa a gidan Sama'ilu maƙerin fari, bai ma wahalar da bakinsa da tambaya ba. Ya san matarsa Tasalla za ta ce faso ne ya dame ta, ta ɗan shafa a dunduniya. In da kaki na gyara ƙafa haka, da duk Kazaure babu mai laushin tata.

Shi dai ba wannan ce damuwarsa ba. Wata sabuwar munduwa ce ta ɓullo daga garin Gwiwa ta hana shi sakat. Siririya ce, a murɗe kamar kitso, ba ta kama zane, ba ta cizon hannu in ana daka. Matan da iyayensu suka saba da ƙirar gidansu Sama'ilu tun kakansa duk sun juya masa baya, har wutar maƙerarsa ta fara wuni a mace.

Aikin ai ya san shi. A murza kaki a fitar da siffa, a lulluɓe da yumɓu, a gasa kakin ya tsiyaye, a zuba narkakkiyar azurfa a gurbinsa. Siffar ce ta gagara. Ya sayo guda ɗaya ya kwaikwaya, tasa ta fito kamar igiyar ɗaure akuya. Tasalla ta leƙo daga bakin ƙofa, don mace ba ta taka maƙera, ta yi dariya har da riƙe ciki. Adda, Bafulatanar da ke kawo musu nono duk mako, ita ma ta taya ta.

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Amma yunwa ta fi girman kai ƙarfi, sai ya yanke shawara zai je ya durƙusa wa gwanin da ke ƙera munduwar, ko zuga ce a ba shi ya yi, in dai za a koya masa. Tasalla ta ɗaure masa guzuri, tana ta yi masa addu'ar dacewa da wani irin ladabi da bai saba gani ba.

A Gwiwa aka nuna masa rumfar Baba Kura, wani tsoho mai rawar hannu. Kunya ta sa Sama'ilu ya ɓoye sunansa, ya ce daga Roni yake. Ya ajiye goro, ya zube ƙasa.

"Baba, koyo na zo. Hannun da ya murɗa wannan, ni bawansa ne."

Tsohon ya ɗaga hannuwansa biyu suna kyarma. "Waɗannan? Ɗana, ni zubi kawai nake yi. A murɗe siffofin ke zuwa mini, cikin ƙwaryar wata mai nono. In koyo kake so, sai ka nemi mai su."

"Ko Agadas yake, zan je."

"Ba nisa, kuma ba namiji ba ne," in ji Baba Kura, yana ɓare goro. "Sai dai ka fara neman izinin mijinta, kuma an ce kansa da tauri. Shi ta fara nuna wa, ya ce ta je ta duba tukunyarta. Wani maƙeri ne a Kazaure, Sama'ilu."