Taswirar Gidan Glenys

Turakun katako ne suka ɗaga wa Glenys hankali. Ta fito shanya da safe, sai ta gan su jere a gindin shingen baya, kowanne da jan ƙyalle a kansa. Kwandon wankin ya suɓuce mata.

Nan take ta kira ƙanwarta Noelene, wadda sana'arta ke nan a Adelaide: bin diddigin takardun filaye wa lauyoyi kafin a ƙulla ciniki. A da sai ta yini a ofishin filaye tana shaƙar ƙurar tsofaffin takardu. Yanzu komai yana intanet, kowane ɗan sa-ido ya biya 'yan daloli sai ya ga tarihin gidanka kaf.

Noelene ta iso da kwamfuta a hammata, ta tarar da yayarta ta ja labule, shayi ya huce a gabanta. Ba ta yi mamaki ba. Duk unguwar an san halin Desmond, mijin Glenys, an kuma san dalilin da kafaɗarta ta hagu ta karkace. Da ya ɓace shekarun baya, aka tsinci motarsa a tashar jirgin ƙasa, kowa cewa ya yi baiwar Allah ta huta. Sai dai sunansa na nan a takardar gidan tare da nata. Noelene ta sha cewa a je kotu a cire shi, Glenys ta ce a bar maganar. Sayar da gidan ma ta ƙi, duk da gwiwoyinta sun daina shiri da matakala.

"Kwantar da hankalinki, Yaya. In ɗan iskan nan ne ya jinginar da gidan daga maɓoyarsa, yanzu za mu gani."

Glenys ta tsaya a bayanta tana kallon kwamfutar. Tsoro take ji irin wanda ta ɗauka ta gama da shi tuntuni.

"Babu jingina, babu ƙorafi, ba a shigar da komai da sunansa ba. Mutumin nan ko yatsa bai ɗaga ba tun da ya tafi."

"To turakun fa?" in ji Glenys.

Noelene ta buɗo taswirar filin. Wani siririn layi ya bi ta gindin shingen baya daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ta yi dariya.

"Au, wannan ce ta hana ki karyawa? Hanyar bututun ruwa ce tun zamanin kakanninmu. Hukumar ruwa na da ikon haƙa wannan zirin duk ranar da ta ga dama. Ke ba ki taɓa karanta takardar gidanki ba?"

Ba ta taɓa ba. A lokacin Desmond, ko ambulan ba ta isa ta buɗe ba.

"Ga sanarwarsu ma, za su sauya bututan layinku duka. Ranar Litinin motar haƙa za ta shigo. Bishiyar lemon tsaminki ce kawai za ta tafi."

"Ba yadda za a yi a hana su?"

"A kan bishiya? Haba Yaya, ke da ko ɗanɗana lemon nan ba kya yi, kullum a ƙasa yake ruɓewa."

Glenys ta raka ta har mota, ta ɗaga mata hannu, sannan ta zagaya baya. Turakun sun sa bishiyar a tsakiya, ko kaucewa ba su yi ba.

Sai yau ta gane dalilin da ƙasar wurin ta fi ko'ina taushi a wancan lokacin: ashe an taɓa haƙa ta. Ita dai da kafaɗa ɗaya mai lafiya, nan ne kaɗai ta iya yi wa Desmond rami, ta dasa bishiyar a kansa.