Rami na Huɗu a Murfin Famfo

Injiniya ya shimfiɗa tsohon zanen a kan tebur, ya danne gefunansa da kofin shayi da makullin mota. Yau zai kori Dogo, kuma a gaban shaidu yake so ya yi.

Laifin Dogo babba ne, domin tambaya ya yi.

A zanen murfin famfon da masana'antar ke ƙerawa akwai ramuka shida. Biyar talakawa ne, a huda a wuce. Na huɗu kuwa ɗan gata ne, don akwai gicciye ja ɓaro-ɓaro a kansa. Tun ranar da Injiniya ya kama aiki, shekara goma sha ɗaya ke nan, ya fassara wa jahilai ma'anarsa: alama ce ta yadda za a goge cikin rami, layukan gugar su riƙa gitta juna domin su riƙe mai.

Ya rubuta takardar umarni mai shafi tara. Ya sa an sayo injin guga na musamman. Kowane murfi sai an ɓata minti arba'in ana lallashin ramin nan, a haska shi da tocila, a shafa shi da yatsa, sannan sashen haɗawa su toshe shi da noti saboda kada ruwa ya zuba. Kan wannan ƙwazo aka ƙara wa Injiniya girma har sau biyu.

Sai ga Dogo, mai huda ƙarfe, wanda ko takardar kwaleji ba shi da ita, yana cewa, "Ranka ya daɗe, wane mai ramin zai riƙe, tunda ba abin da ke shiga cikinsa?" Da aka yi masa tsawa, sai ya tura murfi talatin babu guga.

Ba famfon da ya lalace. Wannan ya fi komai ƙona wa Injiniya rai.

Shi ya sa ya aika mota aka ɗauko Baba mai zane, wanda ya zana takardar da hannunsa kafin ya yi ritaya. Manaja ya zauna. Dogo na tsaye a bakin ƙofa yana murza hularsa, yana tunanin 'ya'yansa biyar da matarsa mai tsohon ciki.

"Baba," in ji Injiniya cikin murmushi, "ga wani farfesa da muka samu. Ya fi ka sani, ya fi ni sani. Taimaka ka faɗa masa da bakinka abin da jan gicciyen nan ke nufi."

Baba ya laluba aljihu ya fito da tabarau. Ya goge shi da bakin riga, ya sunkuya har hancinsa na taɓa takarda. Ya daɗe a haka. Injiniya ya gyara wuyan rigarsa, ya tura wa Manaja takardar korar don ya sa hannu.

Tsohon ya ɗago, ya dubi tulin murafan da ke jere a bayan gilashi, kowanne da notinsa yana sheƙi. Sannan ya dubi Injiniya da tausayi.

"Ɗana, wai har yau kuna huda ramin nan? Ai kuskure na yi, shi ne na sa jan biro na soke shi."