Abin da Dakta Ya Ciro daga Ruwa

Dakta ya girgiza mazurarin gilashin ya ajiye, ya tsaya yana kallon ruwa da mai suna rabuwa kamar surukan da aka tilasta wa gaisawa. Ruwa ya koma ƙasa, mai ya hau sama, kowa ya kama gabansa.

A takarda aikin ba wuya. Masana'antu na zubar da ruwa maƙare da amino asid, ƙananan tubalan nan da jiki ke gina tsoka da su. Sai a haɗa ruwan da wani sinadari mai kama da mai, a girgiza, amino asid ya bar ruwan ya koma cikin man, a kwashe. Cikas ɗaya ne: shi amino asid ruwa yake so, kuma ba wanda ya nemi shawararsa. Yana cikin nama, yana cikin madara, har a gumin mutum akwai shi. Man Dakta ne kaɗai ya rantse ba zai shiga ba.

Shekara da shekaru Dakta na lallashinsa. Abin da ya tara shi ne furfura, da tabon yanka a babban yatsa, inda wani mazurari ya taɓa fashe masa. Yakan ce wa ɗalibai wannan tabon ne kaɗai sakamakonsa da kowa ya gani ya yarda.

Gwajin kansa ba ya cin lokaci. A ɗora takardar tacewa a ɗan faranti, a ɗiga mata man, a fesa magani, a busar. In akwai amino asid, wurin sai ya koma shunayya. Tandar busarwa ta ɗakin gwajin ta daɗe da mutuwa, don haka da na'urar busar da gashin matarsa yake busarwa. Takardunsa kullum fari fat suke fitowa.

Wata safiya Farfesa, shugaban sashe, ya leƙo ya ƙare wa ɗakin kallo.

“Dakta, ɗakin nan akwai fili,” in ji shi. “Karyayyun kujerunmu kuwa sun rasa wurin kwana.”

Dakta ya fahimta. In kwamitin duba ayyukan bincike ya zo a ƙarshen zango bai ga launi ba, kujeru za su gaje shi, shi kuma ya koma koya wa sababbin ɗalibai wankin kwalabe.

Makon nan komai ya haɗe masa. Na'urar sanyaya ɗaki ta bi tanda. Safar hannu ta koma tafkin gumi, ya tuɓe ya jefar. Sababbin takardun da aka kawo kuma masu taurin kai ne, sai ya danna tsakiyarsu suke yarda su zauna a faranti. Cikin wannan hali ya ƙara wa man wani sabon sinadari, ba don yana sa rai ba, sai don shi kaɗai ya rage a kanta.

Takarda ta yi shunayya.

Dakta mutum ne mai shakka, ko agogonsa sai ya tambayi wani kafin ya yarda da shi. Ya sake gwajin. Ya kuma sakewa. Tabon launin a dame yake, ba shi da tsari, amma yana nan. Ya lura launin ya fi ƙarfi da tsakar rana, ya yanke cewa zafi na taimaka wa sabon sinadarin.

Malamar ɗakin kusa, wadda ko ƙofa ba ta buɗewa sai da safa a hannu, ta zo ta bi matakansa tiryan-tiryan. Takardarta ta fito fara fat.

“To ni me na yi ba daidai ba, Dakta?”

“Hannu ne, Malama,” ya ce, yana ƙoƙarin nuna tawali'u. “Sai a hankali.”

A gida matarsa ta ce, “Baban yara, tunda ka zama shahararre, a dawo mini da na'urata. Kaina ya gaji da yi wa kimiyya hidima.”

Ranar kwamiti ɗakin ya cika, iska ta ƙare. Rigar Dakta ta manne masa a baya. Ya girgiza, ya jira, ya danna takarda a faranti, ya zuƙo man a bututun ɗigo. Daidai nan wani dattijo a kwamitin ya tambaye shi ko aikin zai yiwu a babbar masana'anta. Dakta bai iya bayani sai da hannu biyu, don haka ya ba shi amsa mai tsawo da faɗi. Ya juyo ya yi feshi, ya kunna na'urar matarsa.

Launin da ya fito bai taɓa ganin irinsa ba. Ya ɗaga farantin sama, 'yan kwamiti suka hango daga inda suka tsaya neman iska, suka tafa.

“Dama na sha faɗa musu,” in ji Farfesa, wanda bai taɓa faɗa wa kowa ba. “A nema wa kujeru wani wurin.”

Bayan sun watse Dakta ya shiga tattara kaya yana 'yar waƙa. Sai ya ci karo da bututun ɗigo a jingine cikin kofin gilashi, inda ya ajiye shi don ya amsa tambaya. Cike yake taf. Ko ɗigo ɗaya bai taɓa takardar ba.

Ya ɗauki farantin zuwa taga. Yau da babu man da zai dama shi, tabon ya fito tsaf, siraran layuka suna zagaye juna, tsohon yanka ya ratsa su ta tsakiya: duk amino asid ɗin da Dakta ya taɓa cirowa, daga gumin babban yatsansa ya fito.