Kwandon Sharar Mai Hoto

Ƙarfe tara daidai Malam ya ɗora firam ɗin a kan kantar shagon hoto, ya juya shi ya fuskanci mai shagon, sannan ya zaro jan biro daga aljihu. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ya ajiye alli, amma biron bai samu labarin ritaya ba.

"Aikinka ne wannan?"

Mai hoto ya washe baki. Aikinsa ne mana. Autar Malam ce ta kawo masa wani tsohon hoto makon jiya, ta ce a ƙara masa girma, a gyara shi, za ta ba babanta mamaki. Ta kuwa ba shi mamakin. Tun da Malam ya kwance takardar da aka naɗe firam ɗin jiya da yamma, ko ruwa bai wuce masa da daɗi ba.

Asalin hoton bai fi tafin hannu ba, kuma babu dokar ɗaukar hoto da ba a taka ba a cikinsa. A karkace yake. Malam ne a ƙofar gida lokacin yana da sauran gashi, baki buɗe yana faɗa, takalmi ƙafa ɗaya, ga jaririya a kafaɗa tana jan kunnensa. Igiyar shanya ta ratsa goshinsa. Gefen hagu kuma wani duhu ya cinye shi daga sama har ƙasa. Hotuna sun fi ɗari uku a gidan, na yara, na Malam, har na kyanwa, duk a jere cikin albam. Wannan kaɗai yake ɓoyewa cikin ƙamus, kuma can yarinyar ta tono shi.

Shi kuwa gwanin ya zauna gaban kwamfuta ya yi hidima. Ya miƙar da hoton. Ya goge igiyar. Ya aro wa Malam takalmin wani. Ya dasa furanni a ƙofar da ko ciyawa ba ta taɓa yarda ta fito ba. Har ya rufe wa Malam baki, aikin da hedimastoci shida suka gwada suka haƙura.

"Duba da kyau," in ji Malam. "Me ya ɓace?"

Haka yake tun yana aji. Bai taɓa gaya wa ɗalibi kuskurensa ba, sai dai ya tsaya masa a ka har ya gano da kansa.

Mai hoto ya ce igiyar shanya. Malam ya girgiza kai. Ya ce ko takalmin ne bai yi ba. Malam ya dubi silin.

"Baba, in fuskar ce, ai ina iya dawo maka da ita yadda take."

"Fuskata kullum ina ganinta a madubi, ɗan nan. Ba ta taɓa burge ni ba."

Sai ya fito da takardar koke, shafi biyu, rubutun hannu, da kwafinta. Buƙatu uku ne. A rubuto masa ban haƙuri ba tare da kuskuren rubutu ba. A goge kalmar “Ƙwararre” daga allon shago har sai an cancance ta. Na uku, wanda aka ja wa layi biyu da ja: a dawo masa da asalin hotonsa yanzu.

Mai hoto ya yi ajiyar zuciya. Wannan ai mai sauƙi ne. Ya jawo aljihun tebur, ya fito da wani ɗan firam mai ruwan zinariya, ya miƙa da hannu biyu. Kyauta ce daga shago, ba a ma roƙe shi ba.

Malam ya karɓa. Ga bakinsa a buɗe, ga igiyar, ga ƙafa ba takalmi. Amma hoton ya rame. An daidaita shi da firam.

"Ina ragowar?"

"Wace ragowa? Au, baƙin nan na gefe? Ai datti ne, Baba. Na sa reza na cire maka shi."

Malam ya leƙa kwandon shara. Wayam. Gwani mutum ne mai tsafta, tun da safe ya juye shi cikin duron bakin titi, kuma motar shara ƙarfe goma take zuwa. Agogon bango ya ce saura minti ashirin.

Mutumin da ya shekara talatin da biyar yana duba faratan yara a layi, shi ne ya naɗe hannun farar rigarsa, ya kifar da duron, ya durƙusa. Ɓawon lemo, gashin shagon aski, ƙyallayen tela. Tela ya bar kekensa ya fito kallo. Mai aski ya ce tsufa ba ta da kirki. Malam bai ɗago ba. Takarda ɗaya-ɗaya yake ɗagawa, ya duba gaba, ya duba baya, ya ajiye gefe, kamar mai makin jarrabawa.

Motar ta shawo kwana tana hon lokacin da hannunsa ya tsaya. Wani siririn yanki ne, jiƙe da shayi. Ya goge shi a ƙirjin rigarsa a hankali, ya ɗaga shi sama. Cikin duhun ana iya ganin gefen farce, da ɗan tabon wuƙa a ƙasansa.

Mai hoto ya leƙo ta kafaɗarsa, ya kwashe da dariya.

"Haba Baba! Yatsa ne fa. Wanda ya ɗauki hoton ne ya tare gilashi. Duk wannan tashin hankali a kan shirmen wani ɗan koyo?"

Malam ya sa yankin a aljihun gaba, ya danne shi da tafin hannu. A karon farko a rayuwarsa ya faɗa wa ɗalibi amsa.

"Shekara arba'in marigayiya uwar 'ya'yana tana ɗaukarmu, ba ta taɓa yarda a ɗauke ta ba. Wannan kaɗai ne hotonta da nake da shi."